Benci na Ƙarshe a Ɗakin Takalman Yara

A masana'antar takalma da ke bayan tashar jirgin ƙasa, babu mai tuna ainihin sunansa. Baba Tatata ake ce masa, domin shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinka wa yara masu koyon tafiya takalmi. Ƙanƙanen mutum ne mai siraran yatsu, in ka gan shi da babbar guduma sai ka rasa wa za ka tausaya wa, shi ko gudumar. Amma miƙa masa fata mai laushi da allura, kafin a tashi aiki ya gama wa yara tara takalmi, kuma babu ɗinkin da zai ci wa yaro ɗan yatsa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansu tilo ya shiga soja, yana can bakin iyaka, sai dai wasiƙa jefi-jefi. Saboda haka duk hirar da Baba Tatata yake samu a duniya, a ɗakin takalman yara yake samunta. Su goma sha huɗu ne a ciki, da tsohuwar rediyo da sai an mare ta take magana. A gida kuwa, ranar hutu, sai ya wuni bai ji muryar kansa ba.

Da yaƙi ya ɓarke, Manaja ya tara ma'aikata, ya ɗaga fata guda sama.

"Kun ga wannan? Ko ta sa wa yara goma sha biyu takalmi, ko sojoji uku. Ba za ta yi duka biyun ba. Kekunan ɗinkin su ne dai waɗannan, hannuwan kuma naku ne. Duk abin da muka ƙara can, nan muka rage."

Gaskiya ya faɗa, kuma Baba Tatata ya fi kowa gyaɗa kai, don a makon ne ɗansa ya rubuto cewa takalminsa yana shan ruwa.

Aka fara kwashe mutane zuwa zauren takalman sojoji. Dogo da wasu ƙarti uku aka fara ɗauka, waɗanda dama takalmin yaro a hannunsu kamar an ba jaki ɗinki.

"Ku gaida sojoji," in ji Baba Tatata. "Mu ma ma huta da gyaran ɓarnarku."

"Za ka neme ni, tsoho!" Dogo ya ce yana dariya.

A watan nan takalman sojoji suka taru har rufin ɗaki, na yara kuwa ko giɓi ba a gani ba. To, wannan arahar ce ta ruɗi manya, suka ɗauka kullum haka za a riƙa samu. Aka ƙara ɗaukar huɗu, aka kuma ɗaukar wasu huɗu. Duk ɗaukar da aka yi, abin da ake ƙarawa can sai ya ragu, abin da ake rasawa nan sai ya ƙaru, domin yanzu an taɓo mutanen da aka halicci hannunsu don ƙaramin aiki. Rediyo ma ta bi su. Ta ƙarshe da aka kira ita ce Uwar Gam, mai liƙa tafin takalmi, wadda ita da Baba Tatata suka shekara ashirin suna faɗa kan a buɗe taga ko a rufe. Ranar da ta tafi ya buɗe tagar son ransa, bai ji daɗin iskar ba ko kaɗan.

Ya rage shi kaɗai da benci goma sha uku babu kowa. Shi ke yanka, shi ke ɗinki, shi ke liƙi. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, amma yana ce wa ransa muddin bencinsa na aiki, ɗakin bai mutu ba, kuma wata rana sauran za su dawo su tarar da shi.

Sai ga Heluma, mai kula da ma'aikata, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Baba, gobe kai ma can za ka."

"Heluma, dubi hannun nan, don Allah. A nan yara tara nake sallama kullum. Can ko soja ɗaya da ƙyar."

"Wallahi na sani, Baba. Takarda ce daga sama, ta ce kowane hannu."

"Yanzu a hana tara saboda ɗaya?"

"Ɗayan nan fa yana iya zama ɗanka."

Baba Tatata ya tashi daga bencinsa. Ya naɗe alluransa a tsumma, da hannunsa ya rufe ɗakin.

Ya yi zaton ko ba komai zai koma cikin mutane. Ina! Ƙarar injuna a zauren ba ta barin kowa ya ji kowa. Dogo yakan ɗago masa hannu daga nesa, Uwar Gam tana can wani lungu da ƙyalle a hanci. Fatar kuwa tauri gare ta kamar katako. Yatsunsa suka tsattsage, wuyan hannunsa ya kumbura. Yakan gama na soja ɗaya a wuni, mai dubawa ya juya shi, ya ga ɗinkin bai shiga ba, ya wurga a kwandon gyara. Mutumin da bai taɓa jin kunyar aikinsa ba ya koma yana ɓoye shi a ƙarƙashin benci.

Bayan mako uku Manaja ya kira shi ofis, har da ba shi kujera.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Ka je gida ka huta."

"Ranka ya daɗe, to a mai da ni ɗakina mana."

"Ɗakin ya zama sito. Fatar ma duk ta soja ce yanzu, ko guntu ba ni da ikon fitarwa."

Ka ji aikin manya. An bar tara don a samu ɗaya, an wayi gari babu taran, babu ɗayan, ga tsoho zaune a gida da yatsunsa goma.

Ya fi wata guda ba wanda ya taka ƙofarsa. Wata safiya ya ji sallama, har ya ɗauka gidan maƙwabta ake yi wa. Wata matashiya ce daga ƙarshen layi, riƙe da ɗanta da bai daɗe da fara tafiya ba. Ta ce ta zaga kasuwa kaf babu takalmin yara, aka ce mata ta zo wurinsa.

Ya durƙusa, ya ɗora ƙafar yaron a tafin hannunsa, ya auna da yatsu. Ya taɓa dunduniya, ya duba tudun ƙafar, ya daɗe yana yi fiye da yadda aikin yake bukata.

"Lamba ashirin da ɗaya," ya ce. "Amma ba ni da fata, 'yata. Ko ta rufe ɗan yatsa."

Ta yi godiya, ta saɓi ɗanta. Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"Ki dawo da shi bayan wata biyu."

"Lokacin za a samu, Baba?"

Ya san ba za a samu ba, kuma bai iya ƙarya ba. So kawai yake wani ya sake yi masa sallama.

"A'a," ya ce. "Ƙafar dai za ta ƙaru. Sai in sake aunawa."