Tsohon da Ya Dafa Kafaɗata a Misfala

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin da na tafi Umra irin ta talaka, babu ejan babu otal, daga ni sai jakar goyo. Na fara sauka Madina, na bi motar haya mai arha wadda ake cusa mutane kamar buhunan albasa har Makka, abincina kuwa gurasa da wake da ruwan zamzam. Kafin in gama ibadata na riga na zama abin tausayi, ƙafa ta kumbura, leɓe ya tsage, idan na zauna sai na yi shawara da gwiwoyina kafin in miƙe.

Masaukina yana can saman unguwar Misfala a Makka, wani tsohon gida ne na wani dattijo, Baba Usman, Bahaushe haifaffen Makka wanda kakansa ya zo aikin Hajji ya zauna, Hausarsa rabi duk Larabci ce. Ranar da zan bar garin na yi azahar a masallacin unguwa, na yi wa Baba Usman sallama, na goya jakata na kama gangara, niyyata in yi ɗawafin bankwana in nemi motar Jidda, don jirgina da safe zai tashi.

Wanda ya san ranar Makka ya san abin da nake nufi, kwalta har wani turiri take yi, kowa ya shige inuwa. Ina cikin tafiya sai na ga wani tsoho zaune a dakalin wani kanti da aka rufe, da sanda da gora da ɗan ƙunshi, rigarsa saƙi ce irin wadda rabona da ganinta tun ina yaro a ƙauyenmu. Na yi masa sallama zan wuce, sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, Makka da saura?"

Na ɗan yi dariya, na ce Baba ai a cikin Makka kake, Harami ma ga shi can ƙasa. Bai yi dariyar ba. Ya ce ayarinsu ya wuce ya bar shi, ƙafafunsa sun ƙi, in taimaka in riƙe masa ƙunshin nan ya dafa ni. Wallahi raina bai so ba, ni kaina mai neman a dafa ne, amma ta yaya za ka ce wa sa'an kakanka a'a, a garin Makka kuma? Na ɗora ƙunshin a saman jakata, ya miƙe ya aza hannunsa a kafaɗata, muka kama hanya.

To, hanyar nan kullum ina bin ta, na san kantunanta da lungunanta, ba wata tafiya ba ce. Amma ranar nan sai muka yi ta tafiya, muka yi ta tafiya, ta ƙi ƙarewa. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru, babu hon, babu ƙugin mota, babu ƙarar injin sanyaya ɗaki, sai sandarsa da numfashinsa. Idona yana ganin kwalta, amma ƙafata rairayi take ji, tana nutsewa ina cirowa. Ƙunshin da na ɗauka da yatsu biyu kuwa ya koma kamar na goya dutsen niƙa.

Shi kuwa magana yake yi a hankali kusa da kunnena. Ya ce daga ƙasar Gobir suka taso da ƙafa shi da matarsa, ya yi dako a Abashe ta ƙasar Cadi, ya yi tsinkar auduga a Sudan damina bayan damina don ya sami guzuri, matar ta rasu a hanya ya binne ta gindin wata aduwa. Ya ce sun jima a Sawakin suna jiran jirgin ruwa. Yana faɗar haka, na rantse muku, na ji warin teku a hancina har da gishiri a leɓena. A nan gabana ya faɗi, don na san rabon da mutane su yi irin wannan tafiya tun kafin a haifi mahaifina. Na so in juya in dubi fuskarsa, wuyana ya ƙi. Na so in karanta Ayatul Kursiyyu, gajiya ta hana ni haɗa ta, sai Hasbunallahu kawai nake ta maimaitawa. Kuma abin da zai ba ku mamaki, ba tsoro ne ya fi damuna ba, gajiya ce, irin wadda ban taɓa sanin akwai ta a duniya ba, ta shekaru, wadda ba tawa ba.

Can dai muka sha wata kwana, ga farfajiyar Harami fara tas a gabanmu, tattabaru na ta sauka. Na ji ya tsaya. Ya ce, "Ashe da gaske akwai shi."

Sai nauyin ya ɗauke gaba ɗaya, har na yi taga-taga na durƙushe. Hayaniyar gari ta dawo mini lokaci guda, ladan yana kiran la'asar. Na waiga, babu tsoho, na shafa saman jakata, babu ƙunshi. Wata baiwar Allah Bahaushiya mai sayar da hatsin tattabaru ta matso ta miƙo mini ruwa, tana tambaya ko lafiya, wai tun daga nesa take hango ni a duƙe ina jan ƙafa, ina ta gyaɗa kai ni kaɗai.

Ɗawafin da ban yi ba ke nan. Ita ta tsayar mini da mota aka mayar da ni gidan Baba Usman. Da ya ganni bai tambaye ni komai ba, ya zaunar da ni ya kawo ruwan ɗumi da gishiri ya cire mini takalmi. Tafin ƙafata duk faso ne, wani har jini, takalmin cike da jan rairayi, ƙafar wandona kuwa ƙarangiya ce dam. Ku gaya mini, ina ƙarangiya a kan kwaltar Misfala?

Yana cire ta ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Har ina ka kai shi, ya waladi, ɗana?"

Na ce har bakin farfajiya.

Ya ce tun yana yaro ake ganin tsohon nan, yawanci mutane a tsakiyar gangara suke zubewa su bar shi. Na ce to wane ne shi, kuma ya shiga ko bai shiga ba? Ya ce, "Halas, shi ke nan, kwanta. Allahu a'alam."

Na kwanta, ban farka ba sai yammacin washegari, jirgi ya daɗe da tashi. Kwanakin da na ƙara a gidan nan kafin in sami wani jirgin da rarrafe nake zuwa alwala, Baba Usman ne ya ci gaba da ciyar da ni, Allah ya saka masa. Na tambayi malamai bayan na dawo gida, wani ya ce aljani ne, wani ya ce zafin rana ne ya taɓa ni, ni dai ban yi gardama da kowa ba.

Shawarata ga mai niyyar irin tafiyata, kada ka bi lungu kai kaɗai da tsakar rana, kuma kada bakinka ya rabu da addu'a. Ba zan ce ka ƙi taimakon tsoho ba, Allah ya kiyaye. Amma idan wani ya nemi ya dafa ka, ka yi bisimilla tukuna, ka dubi ƙasa ka ga ko inuwarku biyu ce. Ni ban duba ba, kuma har yau na kasa yanke wa raina ko na so a ce na duba.