Ranar da Aka Yi Mini Karo-karo Don Na Rame

Har abada ba zan manta da wata Litinin ta watan Maris ba, ranar da Metron Rifkatu ta kira ni ofishinta. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku saurara.

Ni atenda ce a wani asibitin kuɗi a Barnawa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Atenda ita ce ƙasan kowa: gyaran gado, tura keken marasa lafiya, kai jini ɗakin gwaji. Sama da mu nas, sama da nas metron. Sai da na haifi biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka aikin nan ban same shi da arha ba.

A lokacin ina da jiki, ba na wasa ba. Daga Nasarawa zuwa Barnawa, kuɗin mutum biyu masu keke suke karɓa a hannuna, safe da yamma. Yadin yunifom da asibiti ke rabawa ba ya isata, sai na ciko daga aljihuna. Ga maganin gwiwa da na hawan jini duk wata. Rannan wani mai keke ya ce, "Hajiya, tayar baya tana gaishe ki." Fasinjoji suka kwashe da dariya. Na sauka, na ce ya riƙe kekensa. Na taka da ƙafa, ina haki ina zaginsa a zuci. Washegari ma na taka. Na bar lemon kwalba, na rage tuwon dare.

Wata takwas, yunifom ya koma kamar na aro.

Ashe ana ta ƙus-ƙus. A wurinmu mace ba ta ramewa haka kawai: ko ciwo, ko miji ya gaza. Ga ƙa'idar asibitinmu, wanda ake zargi da ciwo mai yaɗuwa irin tarin fuka, gida ake tura shi. Asibitin kuɗi kuwa ba ya ajiye wa atenda gurbi.

Metron ta rufe ƙofa, ta turo mini kuɗi ƙunshe a takarda.

"Maman Sadiya, abokan aikinki ne suka yi miki karo-karo. Ki je gida ki nemi magani. Ba sai kin faɗa mana ko mene ne ba."

"Ma, wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

"Ba ki duba madubi ne?"

"Da nake nishi a matakala kamar injin markaɗe, wa ya yi mini karo-karo? Yau da na samu lafiya za ku sallame ni? A gwada ni. Jini, kaki, hoton ƙirji, duka."

Kwana uku ina gida ina jira. Sakamako ya fito fes, har likita ya rage mini maganin hawan jini. Na bi kowa na mayar masa da kuɗinsa, na yi godiya, na kuma faɗa musu cewa kuɗin keke da na maganin gwiwa da na daina kashewa su suka saya wa Sadiya keken ɗinki. Metron ta ce, "Ƙarfe nawa kike wucewa ta layinmu?" Yanzu mu huɗu muke takowa.

Abin da na koya: mutanen aikin nan suna da tausayi, amma ko a cikin asibiti ƙiba muke kira jin daɗi. Kafin ki tausaya wa abokiyar aikinki, ki tambaye ta tukuna.

Mai keken nan har yau yana tsayawa. "Hajiya, kuɗin mutum ɗaya!"

In ce masa ko kyauta.