Aquilino Ya Shiga Jirgi da Takalmi

A garinmu Puerto López, idan ka ce kana neman Aquilino Baque sai a tsaya ana tunani. Ka ce Sarkin Bokiti, ko mai sayar da kwakwa a bakin teku zai nuna maka gidansa. Masunci ne tun tasowarsa, kamar ubansa. Da gwamnati ta mayar da dajinmu da tsibirin da ke cikin tekunmu gandun da ba a taɓawa, kifi kuma ya ja baya, sai masu jirage suka wanke ƙarni daga katakonsu, suka kafa benci da rumfa, suka koma kai baƙi kallon ballena, manyan kifayen nan da suka fi motar haya girma, masu zuwa haihuwa a ruwanmu lokacin sanyi. Wasu suka riƙe tuƙi, wasu suka koyi Turanci suka zama masu yi wa baƙi bayani. Aquilino bai iya Turanci ba, idonsa kuma ya fara rauni, sai aka ba shi bokiti.

Aikin ke nan. Jirgi ya bar gaɓa, baƙi na ta hoto da dariya, shi kuwa yana tsaye a baya ba takalmi, yana duban fuskoki. Wanda ya yi shiru, wanda leɓensa ya yi fari, wadda ta fara haɗiyar yawu, ya san saura ƙiris. Ya miƙa bokiti, ya kawar da kai, ya zubar, ya ɗauraye, ya wuce wurin na gaba. Mutane kan ce komai ana sabawa da shi, amma Aquilino bai saba ba. Har gobe idan ya koma gida sai ya dirje hannunsa da lemun tsami har fata ta yi yaushi, kuma akwai abincin da ya daina ci ɗungum saboda ya sha ganinsa yana dawowa. Yakan gaya wa matarsa Zoila cewa da wari kaɗai yana gane masaukin da baƙo ya karya kumallo. Ita kuma ta ce ya bari ta gama cin nata tukuna.

Wuri guda ne a duniya ba a san wannan suna ba. 'Yarsu Maritza tana auren Fabián, ɗan Ambato, can kan duwatsu inda ba su san teku ba sai a talabijin. Ranar ɗaurin auren, uban ango, Don Hernán Villacís mai gidan burodi, ya miƙe gaban jama'a ya gabatar da Aquilino a matsayin mutumin teku, ya zaunar da shi a kusa da shi, danginsu suka kewaye shi suna tambayarsa labarin guguwa. Aquilino bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kawai dai babu wanda ya tambayi abin da yake riƙewa a jirgin. A Ambato sunansa Don Aquilino, kiran da ake yi wa manyan mutane, kuma wannan ne abin da ya rage masa na taƙama.

Sai ga waya daga Maritza, wai surukai sun yanke shawarar yin hutun bana a bakin teku, su duka: ita da Fabián da yaransu biyu, da Don Hernán da matarsa Doña Piedad. Ba hutun kwanciya suke so ba, in ji ta, so suke su motsa jiki, su hau su sauka, su yi iyo. Tunda Baba ɗan gari ne, an bar masa tsarin.

Aquilino ya tsara musu hutun da ko soja zai yi kuka. Tafiyar ƙafa ta kan tsaunuka har zuwa rairayin Los Frailes. Hawan doki cikin busasshen daji. Tuƙa ƙananan kwalekwale a inda ruwa yake kwance. Har da tafkin Agua Blanca mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, inda baƙi ke shafe fuska da baƙar laka suna murna. Shi ko kusa ba ya zuwa wurin, amma ya ga gara wannan warin da a shiga jirgi. Nufinsa ya gajiyar da su har babu mai sauran ƙafar taka jirgi.

Maritza ta saurara har ya gama. "Baba, ina ballena?"

Ya ce teku bana ba ta da kirki. Ta yi dariya, ta ce Doña Piedad har ta sayi malafa da madubin hangen nesa, kuma ta gama gaya wa matan cocinsu cewa surukinta ne zai nuna mata da kansa.

Shiga jirgin wani ba zai yiwu ba. Kai surukanka jirgin da ba na maigidanka ba cin fuska ne da gari zai daɗe yana maimaitawa, kuma duk jiragen sun san shi. Saboda haka ya sami Kléber, mai jirginsu, ya roƙi abu biyu: a ba shi benci ranar ya zauna kamar kowane baƙo, kuma kada bakin kowa ya kuskura ya furta sunan nan. Kléber ya yarda, ya ce Eulogio zai riƙe bokitin. Eulogio tsohon abokin kamun kifinsa ne, mai ɗaure igiya a jirgin, mutumin da bakinsa bai taɓa sanin murfi ba.

"To me zan kira ka, Aqui? Ranka ya daɗe?" in ji Eulogio.

"Kada ka kira ni komai. Ka yi kamar ba ka san ni ba."

"Da wannan fuskar taka? Ai na daɗe ina neman dalili."

Saura abinci. Aquilino ya gaya wa Zoila cewa ranar jirgi busasshen burodi da shayin citta kawai za a ba baƙi. Zoila ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. Ta tambaye shi ko yana jin abin da yake faɗa. Masu gidan burodi za su taka gidanta karo na farko, ta ɗauko burodi ta ajiye musu? A koma Ambato a ce 'yan bakin teku ba su iya karɓar baƙo ba?

"Duk abin da kika zuba musu, ni na san inda zai ƙare."

"Ai ka ce ranar ba kai ne da bokiti ba, tsoho. Ina ruwanka?"

Surukai suka iso, tsarin ya fara aiki, sai dai bai yi abin da aka tsara shi domin ya yi ba. Mutanen duwatsu ne. Tsaunukanmu a wurinsu tudun dafa abinci ne. Doña Piedad ta riga kowa isa Los Frailes, ta sauko daga doki tana tambayar me ya rage. Aquilino ne ya dawo yana ɗingishi.

Ranar jirgi Zoila ta shimfiɗa tebur kamar ana biki. Miyar kifi da rogo da albasa, dunƙulen agade da cuku, soyayyen agade mai gyaɗa a ciki, ƙwai, kofi da madara. Aquilino ya fito cikin farar riga da takalmi mai igiya, ya zauna da baƙin kofinsa. Tun yana yaro bai taɓa shiga teku da abinci a ciki ba; haka masunta suke, sai an dawo ake ci. Amma Doña Piedad ta naɗe hannu ta ce a gidansu baƙo ba ya ɗaga cokali sai maigida ya fara. Don Hernán kuma ya ja kwanon surukinsa ya cika shi da kansa, yana cewa mutumin teku ai sai da ƙarfi. Suruki ya zuba maka da hannunsa, ka ce a'a? Ya ci. Aka ƙara masa. Ya sake ci, Zoila tana kallonsa ta wutsiyar ido.

A jirgi Eulogio ya tarbe shi da sunkuyo har ƙasa, ya ɗaura masa rigar ceto ya ja igiyar har numfashi ya yi masa wuya. Aka zaunar da shi a tsakiyar benci ƙarƙashin rumfa, Don Hernán a dama, Doña Piedad da turarenta mai nauyi a hagu, hayaƙin inji na shigowa ta baya. Da farko abin ya yi daɗi. Ya nuna wa jikoki tsuntsaye masu shuɗin ƙafa, ya gaya wa Don Hernán yadda ake gane iskar da za ta juya. Har wani Bature ya juyo yana saurare.

Da suka fita sarari, taguwar ruwa ta fara ɗaga jirgi tana ajiyewa, sai ya ji wani abu da bai sani ba. Duk rayuwarsa a tsaye yake shiga teku, tafin ƙafa a kan katako, gwiwoyi na karɓar kowace taguwa kafin ta iso ciki. Yau yana zaune, takalmi ya raba shi da katako, teku tana shigar masa kai tsaye inda miyar kifin take. Ya ji yawu ya cika masa baki. Ya san fuskar da yake yi, domin ita yake nema a wurin wasu kullum.

Kléber ya rage inji, jama'a suka miƙe, wata uwar ballena da ɗanta suka ɓullo dab da jirgi suna fesa ruwa. Aquilino ya yunƙura zai kai gefe, rigar ceto ta maƙale a benci. Eulogio yana can gaba da bokiti wajen wata Baturiya. Abin ya zo gaba ɗaya, kan farar rigar, kan katako, kan takalmin Doña Piedad.

Don Hernán ya dafa masa goshi yana cewa ba komai, ba komai. Doña Piedad, wadda ko gezau cikinta bai yi ba, ta ba shi shawara ya riƙa kallon nesa, haka ta karanta. Eulogio ya iso ya tsaya a kansa, ya dubi katako, ya dubi abokinsa, alkawari ya gagare shi.

"Kai, Sarkin Bokiti, a kan fadarka?"

Don Hernán ya tambayi ma'anar sunan. Eulogio ya buɗe baki zai gyara, ya ƙara ɓatawa, ya ce ai duk gaɓar nan babu wanda ya kai surukinsu iya tarar aman baƙi, ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa, yau ne kawai da ba ya bakin aiki. Maritza ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi.

Eulogio ya ɗauko tsumma ya fara gogewa. Aquilino yana kallo ta tsakanin yatsunsa. Mutumin bai watsa ruwan teku tukuna ba, busasshen tsumma ya sa, yana jan ƙazantar daga wannan katako zuwa wancan, yana tura ta cikin tsagogi inda rana za ta dafa ta, tana matsowa wajen ƙafar jikar Aquilino. Wani sabon tashin zuciya ya taso masa, ba na teku ba. Ya kwance rigar ceto, ya tuɓe takalmi ya tura ƙarƙashin benci, ya naɗe ƙafar wando.

"Ba ni nan, ƙazami. Ko alade ya fi ka."

Ya jefa bokiti ya ɗebo ruwa, ya watsa daga sama ya koro zuwa magudana, ya sake, ya bi tsagogin da burushi. Yana miƙewa tsaye cikinsa ya kwanta, kamar ba shi ba. Da ya iso gaban bencin surukai, ballena ta yi tsalle can hagu, jirgi ya ɗauki sowa. Doña Piedad ta ɗaga ƙafafunta biyu sama domin ya goge ƙarƙashi, madubin hangen nesa na manne a idonta, ba ta ko dube shi ba. Haka duk baƙi suke yi.

Ya goge. Yana gamawa ya ɗaga kai ya ga leɓen Fabián ya yi fari. Ya ɗauraye bokitin ya nufi wajensa.