Wuyan Hannun Ɗiyata ta Fari

Ni tsohuwa ce, maigidana ya riga mu gidan gaskiya, kuma ban yi karatu ba. Ina faɗi ne maƙwabciyata tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata. A shekarun babban fari ina zaune wani ƙauye tsakanin Isa da Bafarawa, da 'ya'ya uku: ɗiyata ta fari mai shekara sha huɗu, da tagwaye ƙanana. A garinmu an yarda cewa macen da ta haifi tagwaye hannunta yana gyara targaɗe. Ban koya wurin kowa ba. Man shanu nake shafawa, in kama gaɓar in ja, in murɗa, safiya uku a jere. Mutane suna warkewa suna sa mini albarka, ni kuwa kaina ya kumbura.

Shekarar nan rijiyoyi suka ƙafe, rumbu ya koma wayam, maigida ya yi kudu cin rani. Anza muke ci, 'ya'yan wani itacen daji, ita kuwa sai an jiƙa ta ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, don haka ranar da babu ruwa babu abinci. Mata suka tona rami cikin yashin gulbi, zurfinsa ya fi tsayin mutum, ana sauka da ƙwarya a kwarfo. Ɗiyata ce ke ɗebo mana. Wata safiya bakin ramin ya rufta da ita, ta faɗa ciki ta dafe ƙasa da tafin hannun dama. Haka ta iso gida da tulu a ka, ta tallafe shi da hagu.

Na duba, kumburin kaɗan ne, yatsu na motsi, dogayen ƙasusuwan hannun babu inda ya goce. Na ce targaɗe ne. Ana haka sai ga wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana nono kafin shanunsu su ƙare, ta shigo neman dusa. Ta kama hannun, ta danna ɗan ramin nan da ke gindin babban yatsa, sai yarinya ta zube bisa gwiwa. Tsohuwar ta kira ni da ɗiyarta, ta ce wannan ba jijiya ba ce, ƙashi ne, a ɗaure shi da kara a bar shi ya kwanta, ko a kai ta wurin mai ɗori a Bafarawa. Mata sun taru suna saurare. Na ce wa tsohuwar ta je ta yi wa maruƙansu ɗori, in ta sami mai sauran numfashi. Aka yi dariya. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ba ta karɓi dusar ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, kuma abin kunya ne a ga ina tausayinta. Na san in na sassauta, gobe a bakin gulbi za a ce uwar tagwaye ta ji ciwon ɗan fari. Sai na ja hannunta fiye da yadda na taɓa jan na kowa. Safiya ta biyu na ji wani abu yana gogar wani a ƙarƙashin yatsana, amma na ce alamar ya kusa komawa ce. Safiya ta uku ta ɓuya bayan rumbu. Na sa mata biyu suka riƙe ta. Ba ta yi ihu ba, ta dai kira ni Inna, ta roƙe ni don Allah in bar shi ya huta ko yini ɗaya. Na ce za ni gama abin da na fara. Washegari na miƙa mata tulu, don anzar tana jiran ruwa kuma tagwaye na kuka.

Bayan wata biyar maigida ya dawo. Kwana biyu kawai ya yi ya lura da hagu take ɗaga taɓarya, hannun daman tana ɗora shi ne kawai don kada a gane. Ya ɗauke mu a motar kasuwa zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana. Ashe wuyan hannu ba gaɓa ɗaya ba ce, ƙananan ƙasusuwa ne guda takwas, huɗu a gaba huɗu a baya, a jere kamar tsakuwa. Na gindin babban yatsa yana da ƙugu kamar gyaɗa mai ƙwaya biyu, kuma a ƙugun nan ya tsinke. Ya ce jini ta gefe ɗaya yake shigarsa, ɗaya rabin ya daɗe babu jini har ya mutu. Da an ɗaure an bar shi tun farko, da wataƙila ya haɗe. Sai ya tambaya wa ya yi ta murɗa hannun. Ɗiyata ta ce babu kowa, ita ce ta yi ta aiki da shi. Maigida ya dube ni sau ɗaya, har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba.

Yau a gidanta nake zaune, ita ma ta yi jikoki. Hannun ba ya lanƙwasawa baya, lokacin sanyi yana hana ta matse ko ɗan kwali. In ta yi sujada ba ta iya shimfiɗa tafin a ƙasa, sai ta dunƙule shi ta dogara da bayan yatsu. A bayanta nake salla, sau biyar a yini ina ganin wannan. Na nemi gafararta, ta ce Inna ai yunwa ce ta ja. Na san ba yunwa ba ce kaɗai.

Ku mata 'yan'uwana, in yaro ya faɗi ya dafe ƙasa, ya ce gindin babban yatsa na masa ciwo, kada ku ja, ko da yatsu na motsi. Ku kai shi a ɗauki hoton ƙashin. In kuma na fari ne, ku bar mutane su yi ta dariya, ku ji tausayinsa a gabansu.