Neman Jinin 'Yan Tawaye a Rijau

Laifina ɗaya ne, na ɗaga hannu a aji. Ranar Alhamis Malam Isyaku, malamin tarihi, yana ba mu labarin manoman Ingila da suka yi wa sarkinsu bore kan haraji, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ya ce da aka murƙushe su, alƙalai suka bi gari gari, aka rataye shugabannin, aka daddatsa wasu, sauran aka yi musu afuwa. Sai na miƙe na ce, "Malam, mu ma jinin 'yan tawaye ne, kakata ta sha faɗa." Ya ce ranar Litinin in kawo labarin hukuncin da aka yi musu, in ba haka ba ciyawar filin ƙwallo tawa ce ni kaɗai. Kakata ta rasu, amma ƙanenta Baba Ango yana Rijau. Ko gezau ban yi ba.

Kontagora, Asabar

Na bar gida biyar da rabi, bayan sallar asuba. Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Naira dubu huɗu na biya, aka ba ni wurin da ko kaza sai ta yi ƙorafi, tsakanin buhun taki da wani Bafulatani mai sanda. Ramukan hanyar kuwa, akwai wanda muka shiga da hantsi, na rantse sai da na ga kifi.

Takwas da minti goma muka iso shingen sojoji. Wani ya leƙo ya ce, "Ɗan makaranta, ina zuwa?"

Na ce, "Wajen danginmu 'yan tawaye."

Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, karatu ne ya taɓa shi." Sojan ya duba jakata, ya ga littafi da ƙuli-ƙuli, ya ce mu wuce. Da muka yi nisa direba ya ce, "Samari, ka ƙara buɗe baki, a but ɗin mota za ka ƙarasa."

Rijau

Goma da ashirin na sauka, ɗan acaɓa ya kai ni gidan a ɗari uku. Baba Ango yana zaure yana gyaran fartanya. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na share, na fito da biro.

"Baba, a ina aka rataye kakanninmu?"

"Wa ya rataye su, ja'iri?"

"Sarki mana. Iya ta ce mu jinin 'yan tawaye ne."

Ya yi dariya har da tari. "Gaskiya ta faɗa. Hassan da Usaini, kakana da ɗan'uwansa. Ku 'yan boko kuke cewa tagwaye, mu nan tawaye muke cewa."

Biro ya yi mini nauyi. Na ce, "To ko sau ɗaya ba a taɓa gurfanar da su ba?"

Ya ce an taɓa. Ɗayansu ya tone gyaɗar dagaci, aka kai su fada, kowa ya nuna ɗan'uwansa. Dagaci ya dubi wannan ya dubi wancan, ya kasa rabewa, ya sa aka zane su duka biyu. Na rubuta shafi uku: ga manoma, ga mai mulki, ga shari'a, ga hukunci. Me ya rage?

Komawa

Na kwana a zaure, Lahadi da la'asar ina gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Ango da direban da ya cece ni.

Litinin na karanta rahotona da ƙarfin murya. Malam Isyaku ya ce aji su yi mini shari'a, monita ya zama alƙali. Aka yafe mini rabin fili saboda wahalar hanya. Ɗaya rabin kwana uku na yi ina yankansa.