Turmin da Ya Kwana Waje

Turanci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gummi, kuma duk shekara sai na yi dambe da kalma guda, wato borrow. Mu a Hausa aro ɗaya ne, ki ara a wurina, in ara miki. Bature kuwa ya raba abin biyu: wadda ta karɓa ita ta yi borrow, wadda ta bayar ta yi lend. Sai in yi ta bayani, in kawo misali da biro, da tsintsiya, da bokiti, su gyaɗa kai kamar sun gane. Ina juya baya zan ji wata tana roƙon ƙawarta ta yi mata borrow ɗin abin goge rubutu. Na daina jin haushi tuni. Abin da ban daina ji ba shi ne faɗuwar gaba duk lokacin da na zo kan ma'anar kalmar: a karɓi abin wani, a yi amfani da shi, a mayar masa. Bayanin a nan ya tsaya. Bai ce komai ba a kan abin da kayan aro ke dawowa da shi, alhali wannan ne ya kusa raba ƙanwata Luba da ɗanta.

A wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu muka taso ni da Luba, a gaban kakarmu Tumba, mahaifiyar Inna. Bayan girbi, idan sanyi ya shigo, takan haɗa karan dawa a ƙofar ɗakinta ta hura wuta bayan sallar isha'i, ta binne gyaɗa a toka. Mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa, bayanmu na daskarewa. Ni take kira Mai Dogon Baki saboda yawan tambaya, Luba kuma Rufaffiya, don ko ƙafarta aka taka ita ce za ta ba da haƙuri.

Kaka ta yi suna a ƙauyen da rowa, kuma a kan abu ɗaya ne. A wurinmu ba a hana aron turmi. Wadda ta ara kuma ba ta mayar da shi wofi, sai ta bar ɗan abin da ta daka a gindinsa, alamar godiya. Tambayar maƙwabciya abin da za ta daka rashin kunya ne, kamar leƙa mata tukunya. Kaka kuwa ko wa aka aiko sai ta ce, "Mi za a daka?" Inna ta sha jin nauyin wannan halin nata.

Idan za ta fara tatsuniya takan ce, "To, ga ta nan ta taho, wa ka tarbonta?" Mu ce, "Mu na, Kaka, ta shigo." Tana da su da yawa, amma akwai guda da ba ta yi sai wuta ta fara mutuwa, ta Hajo mai turmi.

Hajo wata mata ce da gidanta ke ƙarshen gari, wajen tsofaffin ramukan da ba wanda ya san wanda ya haƙa su. Tana da ɗa guda, ɗan yaye. Wata rana da magariba ta ji sallama daga bayan danga. Ta leƙa, ta ga doguwar mace lulluɓe da baƙin zane, ba ta taɓa ganinta ba. A nan Kaka takan rage murya har sai mun matso.

"Tac ce, ‘Ku ara muna turmi.’ Awakin gidan dut sunka yi tsit, ko tuƙa ba su yi. Hajo ta so ta ce mi za a daka, amma kunya tah hana ta. Baƙuwa ta, ai ba a yi ma baƙo haka."

Turmin da mata biyu ke mirginawa, baƙuwar ta ɗauke shi a hammata ta tafi, ba a jin takunta. Hajo ta kwanta, ta ji ana daka. Ba daga maƙwabta sautin ke zuwa ba, daga ƙarƙashin tabarmarta yake tasowa. Da safe ga turmi a ƙofa, da gari a gindinsa, mai laushi, launin toka. Ta ce lallai mutanen kirki ne, sun san hali. Ta kakkaɓe, ta wanke, ta daka gero, ta dama wa yaro kunu.

Daga ranar yaron ya sauya. Ya bar wasa, ya bar dariya. Sai ya kwanta ya manna kunne da ƙasa. Idan aka kira sunansa sai ya waiwaya can wani wuri. Baƙuwar kuma ta ci gaba da zuwa, Hajo na ba ta, don wadda aka ba jiya da wane baki za a hana ta yau? Da abin ya ishe ta, sai ta bi matar a baya har bakin ramukan, ta kwanta rub da ciki ta leƙa. Can ƙasa ga mata a jere suna daka, duwatsu ne a cikin turamen. Ta gane na maƙwabciyarta mai tsagewa a baki, ta gane na matar liman, ta gane nata. Gefe guda kuma yara ne zaune cikin ƙura, shiru, suna lasar yatsu. Na ƙarshen layi ya ɗago kai, ɗanta ne, wanda ta bari yana barci a ɗaki.

Ta ruga gida. Ga shi a kan tabarma inda ta bar shi, idanu buɗe, bakinsa na motsi, ba komai a ciki. Tana cikin girgiza shi ta ji sallama daga bayan danga.

A daidai nan Kaka takan ɗauki kara ta fara rufe garwashi da toka.

"Kaka, ta ba ta?" Ni ce mai tambayar kullum.

"In ta hana, ɗan shi dawo. In ta ba da, shi ke nan."

"To ta hana?"

"Mai Dogon Baki, tatsuniya ta koma gidansu. Ku tashi ku kwanta."

Ni haushi nake ji, in yi ta mita cewa tsohuwar nan ta cuce mu da rabin labari. Luba kuwa sai ta ƙanƙame ni a kan tabarma, ta ce in taɓa ƙasa in ji ko tana motsi. Mun yi ta roƙon Kaka shekara da shekaru ta ƙarasa, har ta rasu ba ta ƙarasa ba.

Na tafi karatu, Luba ta yi aure a Yargalma. Mijinta manomi ne, bai taɓa shiga rami ba, ko da zinariya ta bayyana aka cika garin da baƙi masu haƙa. A lokacin maza kan kawo dutsen zinariyar gida a buhu, mata su farfasa su daka a tsakar gida, yara na rarrafe a gefe. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen. Yara suka fara ciwo, amai, sanƙarewa, sai mutuwa. Aka ce iskoki ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu.

Da saƙo ya iske ni cewa Sani ɗan Luba ba lafiya, na hau mota a ranar. Na same shi kwance a cinyarta, idanu buɗe, ba ya kallon kowa, yana ta tauna haƙora. A kwanakin likitoci suka iso garin, aka ce ana neman masu jin Turanci, na shiga yi musu tafinta. Suna bin gida gida, suna fara ɗaukar yaran gidajen da ake aikin dutse, don marasa lafiya sun yi yawa. Da aka zo gidan Luba, likitar da nake yi wa tafinta ta tambaya ko ana daka dutse a nan. Na fassara. Mijinta ya rantse ba a taɓa shigo da ko tsakuwa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Likitar ta ce wataƙila zazzaɓi ne ya hau masa kai, za su dawo kansa in sun gama da waɗancan gidajen.

Sun kai ƙofa idona ya faɗa kan turmin da ke kife a gindin danga. Bakinsa duk ya ciccije, kamar ɓera ya gwaigwaye shi. Gero ba ya yi wa turmi haka.

Na ce, "Luba, turminga ya taɓa kwana waje?"

Ta sunkuyar da kai. "Matar wan maigidana, masu aikin dutse, ita ka aiko a ɗauka. Ina wanke shi kahin in daka."

Na bi likitar da gudu har waje, gyale na faɗuwa. Ta dawo, ta shafa yatsa a tsagar cikin turmin, ta duba. A ranar aka ɗebi jinin Sani, aka tafi da shi asibiti a Bukkuyum. Luba ta yi makonni tana jinya, ni ina zuwa ina dawowa.

Sani ya rayu, mun gode wa Allah. Yanzu saurayi ne, ya fi babansa tsawo, yana kiwon tumakin gidan. Amma karatu ya ƙi zama a kansa, magana ma sai ya yi ta laluben kalma kafin ta fito. Yana da haƙuri irin na uwarsa, kuma duk lokacin da na gan shi sai na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Kaka a matsayin labarin aljanu, irin na tsorata yara kada su je bakin rami. Ban sani ba ko ta ga wani abu a ƙuruciyarta, ko tsofaffi suka ba ta ita haka. Amma da na girma na lura baƙuwar ba ta taɓa ƙwace komai ba. Sallama take yi, ta roƙa, a miƙa mata. Abin tsoron yana wurin Hajo, wadda aka yi wa tarbiyya mai kyau har ta kasa buɗe baki ta yi tambaya. Da wannan tarbiyyar aka raine mu duka, muna kuma alfahari da ita, Kaka kaɗai ta yarda a kira ta marowaciya.

Ban taɓa yi wa Luba zancen ba, don ban ga amfanin fama mata ciwo ba. Ita ta tayar da shi da kanta bara, muna zaune muna tsince wake a tsakar gidanta, Sani na ba tumaki ruwa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, kina zaton na mance da Hajo?"

Na ajiye waken da ke hannuna, ta ci gaba.

"Randa anka hwara aikowa, wallahi ita nit tuna. Tambayar ta taho min har bakina. Sai nic ce matar wan mijina ta, mi za a ce da ni?" Ta share ido da gefen zane, ta ci gaba da tsintar wake. "Da kaina nim mirgina mata shi har ƙohwa."