Kalla da Batirin Motar Sakkwato

Da na fita takaba, Kalla ne ya ɗauke ni a kamiyo, babbar motar kaya da mutane, zuwa gidan wana a Allakai. La'asar ta riske mu a hanya. Ya ga ina ta duban rana, sai ya tsai da mota, ya zuba mini ruwan alwala daga salkarsa, mutanen cikin mota na gunaguni.

Ɗan maƙeran Galma ne, gidan da har lokacin ake yi wa iskoki yanka. A soja ya koyi tuƙi, can kuma ya kama salla. Da yaƙin Jamus ya ƙare, ya zama shofer ɗin wani ɗan kasuwa, tsakanin Madawa da Buza. Uwarsa kullum cewa take, tun da ya bar maƙera, iskokin gida ba za su ƙyale shi ba.

Bai yi karatu ba, da ido ya san batir: waya ɗaya a ɗaure a jikin mota, ɗaya ta wuta. Ranar kasuwar Tabotaki batirinsa ya mutu, ina kusa ina sai da wake. Dauda, mai motar goro daga Sakkwato, ya ce wa Kalla ya ɗibi wuta a tasa, ya wuce cin tuwo. Kalla ya haɗa ta jiki da ta jiki, yadda ya saba. Ashe motar Dauda ta Ingilishi ce, su kuwa a juye ake ɗaure wayoyinsu. Wayoyi suka narke, batir ya fashe, ruwansa ya ƙone masa kunci.

Dauda ya sheƙo. "Haba ɗan Galma! Wa ya ce maka motata da taka addininsu guda? Bakinka ciwo shikai da ba ka tambaya?"

Kafin a gyara motar, magana ta kai Buza cewa iskoki ne suka tofa masa wuta. Mata suka ce sun bar shiga motarsa, mai mota ya fara cigiyar wani shofer.

Allah ya rufa asiri, Kalla ya yi tuƙi har furfura, Allah ya jiƙansa. Amma a waɗancan kwanakin ya same ni ƙofar gida, kunci ɗaure da tsumma, ya durƙusa.

"Goggo, ke mata suna jin maganarki a rijiya. Don Allah ki hwaɗa musu abin da kig gani. Ki ce ba iska ba ta, wautata ta, ni na juya waya. Su yi mini dariya, amma su shiga mota."